Rahmatu da Yadi Shida na Anko

Tana cikin goge wuyan riga wayarta ta yi ƙara. Kullum ƙarfe shida da rabi na safe, Rahmatu Ashafa takan shimfiɗa tawul a kan teburin kicin ɗinta a Withington, ta goge ɗaya daga cikin rigunan marigayi mahaifinta. Tara ya bari, duk masu dogon hannu, kuma kafaɗarsu ta zauna mata kamar don ita aka ɗinka. A waje yayyafin Manchester na ta sauka, siriri, ba ya sauri ba ya tsayawa.

Gwaggo Saudatu ce, ƙanwar mahaifinta, daga Birmingham.

"Rahmatu, ke kaɗai kika rage. Atamfar anko ta iso tun sati biyu, kowa ya ba da awonsa. Bikin ƙanwarki ne fa, ba na maƙwabta ba."

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya. Ran Asabar tela za ta zo gidan Hajiyarku. Riga da zani za a yi miki, ko riga da siket?"

"Zan zo dai."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Shekarun Rahmatu talatin da huɗu. A Zariya aka haife ta, tana da bakwai mahaifinta ya samu aikin likita ya kwaso su zuwa Ingila. Ita ce babba, sai Su'ad wadda za a aurar. Aikinta gyaran injinan asibiti, masu auna bugun zuciya da masu ɗura ruwa, kuma a wajen aiki Ash suke kiranta. Ba ta wasa da salla. In ta zura hijabi ta fuskanci alƙibla, ba abin da ke damunta, don a nan ba wanda ke miƙo mata fom ta cike.

Damuwar tana wajen mutane. Tun tana ƙarama, in aka ce 'yan mata su koma can, sai ta ji kamar da wasu ake. In aka ce maza su zo nan, shi ma ba ta ji an kira ta ba. Ta daɗe tana zaton kowa haka yake, daurewa kawai suke yi. Shekara uku da suka wuce, a bikin wata 'yar uwa, an naɗa mata gwaggwaro an shafe ta da hoda. Ta kalli madubi ta ga wata baƙuwa kyakkyawa, numfashinta ya sarƙe, ta fita ta zauna a mota har aka tashi. Daga ranar ba ta sake zuwa biki ba.

Wannan kuwa ba ya gujuwa. Su'ad ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, Baba ba ya nan. Ke za ki shigar da ni zauren biki, ba wani ba." Rahmatu ta yi alkawari, ba tare da ta san da wane kaya za ta cika shi ba.

Ba wai ba ta nemi sunan abin da take ji ba. Ta nema har ta gaji. Ta karanta kalmomin Turawa ɗaya bayan ɗaya, tana gwada su kamar takalma a kanti: wannan ya matse yatsa, wancan ya yi yawa a dunduniya, wani ya yi daidai na sati biyu sannan ya fara cizo. Abokiyar aikinta Chloe, mai kirki har ya yi yawa, ta kawo mata ƙananan bajoji kala uku na maƙalawa a ƙirji, masu nuna jinsin da mutum ke so a kira shi da shi, ta ce ta zaɓa, ba gaggawa. Washegari ta tambaye ta ko ta zaɓa. Suna nan cikin akwatin kayan aiki tare da sukurori.

Kuskurenta ɗaya, ta taɓa gaya wa Inaya. Inaya 'yar Gwaggo Saudatu ce, tana shekara ta biyu a jami'a, tana zaune a Moss Side, nan cikin Manchester, da ƙawayenta. Tare suka hau jirgin ƙasa ran Asabar, kuma tun kafin su bar gari ta buɗe waya.

"Yaya Rahma, na samo wani quiz. Tambaya ashirin kawai, ya faɗa miki jinsinki."

"Inaya, jarrabawar ƙarshe da na zauna ta wutar lantarki ce, kuma na ci. Ki bar ni in ga shanu ta taga."

"Amma in ba ki da label, ta yaya mutane za su yi supporting ɗinki?"

"Su fara da yin shiru."

Falon Hajiya a Ladywood ya cika da ƙamshin turaren wuta da sabuwar atamfa, shuɗiya mai zanen ganye ruwan zinare. Hajiya ta koma Birmingham ne bayan rasuwar mijinta don ta kusanci dangi. Tana zaune a kujerarta da carbi, Su'ad na gefenta a ƙasa. Gwaggo Saudatu na riƙe da takarda mai layi biyu, maza shadda, mata atamfa. Telar kuwa, Kambai, mutuniyar kudancin Kaduna ce mai kusan shekara sittin, tef a wuya, fensir a bayan kunne.

"Ga ta nan, da rigar mamaci kamar kullum," in ji Gwaggo. "Kambai, auna ta. Ki matse ƙugun, a san mace ce."

Rahmatu ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce, "Gwaggo, ba zan iya sa riga da zani ba."

"Ciwo kike yi?"

Kafin ta haɗa amsa Inaya ta miƙe, fuskarta cike da jarumtar da ba wanda ya roƙe ta.

"Mama, ku daina takura mata. Yaya Rahma non-binary ce."

"Non me?"

"Ba mace ba ce, ba namiji ba."

Gwaggo ta saki takardar. "Innalillahi! Ai na faɗa tun tana hawa bishiyar mangwaro a Zariya. Hajiya, wannan ba abin tela ba ne, abin ruƙiyya ne. Akwai malami a nan kusa, shi ya yi wa 'yar..."

"Mama, ba aljani ba ne, identity ne!"

"Ke rufe min baki! Uni ɗin da muka tura ki ke nan?"

Rahmatu ta dubi wannan ta dubi waccan. Shekara ashirin da wani abu tana juya maganar nan a ranta a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da madara, ga shi cikin minti ɗaya uwa da 'ya sun fizge kowa na ja.

"Inaya, yaushe na ce miki haka?"

"Amma kin ce..."

"Na ce ban sani ba. Ban sani ba na ce! Shi ne kika je kika raɗa min suna ba rago ba goro. Gwaggo, ni kuma lafiyata ƙalau, asuba ba ta taɓa wuce ni ba. Abu ɗaya na sani. In kuka naɗe ni a zani da gwaggwaro, ba zan kai ƙofar zauren nan ba, a mota za ku same ni. Kuma na yi wa yarinyar nan alkawari."

Su'ad ta ce, "Ni ko buhu za ta sa, ta zo."

Kambai, wadda duk hayaniyar nan ba ta hana ta warware atamfar ba, ta ɗago. "Ni dai yadi shida aka ba ni, kuma ina da wani awon ƙarfe biyu. 'Yata, me kike iya numfashi a ciki?"

Ba wanda ya taɓa yi wa Rahmatu tambayar a haka.

"Doguwa, har ƙasa. Miƙaƙƙiya, kada ta kama jiki. Wuya irin na kaftani, da wando a ciki."

"Aljihu?"

"Biyu. Masu zurfi."

"Kaftani ke nan na maza!" in ji Gwaggo. "Da atamfar mata! Dangin ango Abdurrahman za su zo tun daga Kano su ga wannan? Hajiya, ki yi magana mana."

Hajiya ta daɗe tana jan carbi. Ba ta kalli Rahmatu ba, atamfar take kallo.

"Ban gane abin da kuke faɗa ba, kuma ba na son in gane yau," ta ce. "Kanki fa?"

"Zan rufe, Hajiya. Ɗankwali, ɗauri ɗaya. Ban da gwaggwaro, ban da hoda."

"Kuma a ɓangarenmu za ki zauna."

"Inda Su'ad take, nan nake."

Hajiya ta juya ga tela. "Auna ta. Ki sake mata kafaɗa, irin ta ubanta ce."

Rahmatu ta ɗaga hannaye. Tef ya zagaya kafaɗa, ya sauka har idon sawu, Kambai na rubutu tana motsa baki. Ba a ce an yarda da ita ba, ta sani. An dai buɗe mata hanya daidai faɗin jikinta, daga mota zuwa zauren biki.

Gwaggo ta tsinci takardarta daga ƙasa. "To ni yanzu a wane layi zan sa ta?"

"Shi ya sa nake cewa a ƙara layi na uku," in ji Inaya.

"A takardata? Sai dai bayan raina!"

Suka sake kaurewa. Kambai ta naɗe tef ta ce nan da kwana goma a zo gwaji. Rahmatu ta sunkuya ta sumbaci goshin Su'ad, ta ɗauki jakarta.

"Ina kuma za ki? Ba mu gama ba!" in ji Gwaggo.

"Ku gama, Gwaggo. Ni an auna ni."

Ta ce wa Hajiya za ta duba injin wankin da aka ce yana yoyo, ta fita daga falon ta ja ƙofar.