Yadda zanen babban yatsana ya dawo

Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Duk inda aka ce a sa hannu, babban yatsana nake miƙawa, a shafa masa tawada in dangwala. Shi ne sunana a buro, wajen ma'aikatan gwamnati. A garinmu Gazawa kuwa ta wata hanya aka san shi. Duk ƙuli-ƙulin da ya fita daga gidana sai na danna tsakiyarsa kafin ya shiga mai, zanen yatsan ya kwanta a kai, zagaye cikin zagaye kamar ɗinkin faifai.

Shekarar da babban ɗana ya biya mini kujerar Makka, ana gab da kiranmu Maraɗi ɗaukar yatsu don fasfo, sai kaskon mai ya goce daga murhu. Na tare shi da hannun dama. Fatar ta tashi, ta saluɓe. Da ƙunar ta fara bushewa na duba babban yatsan, na gan shi sumul, ja wur kamar jikin ɗan ɓera, babu zane ko ɗaya. Maƙwabciyata da ta sauke farali bara ta ce injin ɗaukar yatsun ba ya karɓar yatsa marar zane. Na ce mata Allah ke kira, ba inji ba. Amma da ta fita, na koma ina ta duba yatsan.

Jikata, wadda ke aikin jinya a Agiye, ita ke zuwa wanke mini hannun. Ran nan ta kwance ƙyallen, ta juya yatsan a rana, ta yi dariya.

"Kaka, ke da kike cewa wuta ma tsoronki take?"

"Ja'ira, yi aikinki. Zanen zai dawo ko ba zai dawo ba?"

"Zai dawo. Gindinsa na ƙasa, mai bai kai can ba. Daga can sabuwar fata ke tasowa."

"To wa ya gaya wa sabuwar fatar cewa ita fatar yatsana ce? Ai ba ta nan lokacin da aka yi ni."

Sai ta tashi ta kwanto igiyar kaba daga turken akuya, ta zauna gabana. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ɗaya ke rabuwa ta zama biyu, da haka rauni ke cikewa. Cikin kowace ƙwaya akwai zare a nannaɗe, su a lakol ADN suke ce masa, shi ke ɗauke da yadda za a gina mutum. Wai in an warware na ƙwaya ɗaya tak, ya fi ni tsawo ina tsaye.

"Ƙarya kike, ƴar nan."

"Wallahi, Kaka. Dubi nan."

Ta murza igiyar baya, tufkar ta buɗe, sili biyu suka rabu. Ta ce haka zaren yake, sili biyu ne a murɗe. Kafin ƙwaya ta rabu sai a buɗe shi, kowane tsohon sili a tufka masa sabon aboki. Kuma ba da ka ake yi ba. A jikin silin akwai ƙulli iri huɗu a jere, kowane iri da wanda yake yarda ya zauna da shi, don haka tsohon silin ne da kansa ke faɗin abin da za a jera masa. In an gama, igiya ɗaya ta zama biyu iri ɗaya, kowace ƙwaya ta tafi da tata.

Na ce, "Ba a kuskure?"

Ta ce akan yi, amma akwai mai bin baya yana dubawa, ya cire ƙullin da bai dace ba ya sa na daidai.

Na dubi hannuna. Ni da nake bugun ƙirji cewa babu hannun da ya kai nawa aiki a unguwarmu, ashe cikinsa ana wani aikin da ban san da shi ba, ina barci ana yi, ina salla ana yi, tun ina cikin mahaifiyata. Subhanallahi! Har akuyar ta shiga rumfa ta ci mini harawa ban tanka ba.

Daga nan kullum da hantsi sai in ɗaga yatsan a rana. Da fari ba komai. Sannan wasu ƴan layuka suka ɓullo, sirara kamar sawun tururuwa a rairayi. Ranar da surukata ta matse mai, na gutsuri tunkuza mai ɗumi, na mulmula, na danna a hankali. Da na ɗaga, ga faifaina nan, har da ƴar karkacewar da yake da ita ta gefen hagu.

A Maraɗi ma'aikacin ya kama hannuna ya ɗora yatsan kan gilashi. Zanen ya fito a allon injinsa, ƙato kamar murfin tukunya. Ya ce, "Iya, ya karɓa, kawo na gaba."

Na ce, "Dakata, ɗana. Bari in ƙara kallonsa tukuna."