Inda ruwan motata yake tafiya

Har yau in na tuna wata ukun da na yi ina yawo da jarkoki biyu a but, raina ɓaci yake yi. Motar tsohuwa ce, ban musa ba. Ni ma tsoho ne, amma ba wanda ya ce a kai ni wurin 'yan gwangwan. Ita kuwa, babban ɗana da yake aiki a Abuja ya yanke mata hukunci ta waya. Ya ce in ya zo ƙarshen wata ya tarar tana shan ruwa, zai kira su su ja ta, ni kuma in koma hawan acaba. Ni da na fara riƙe sitiyari tun ba a yi masa aski ba.

Ciwon nata ɗaya ne. Da safe in cika lagireto har baki, kafin in isa Agwada ɗaukar doya allurar zafi ta haye ja. In buɗe bonet, ba ruwa. In leƙa ƙasa, a bushe. Na share ƙofar gida, na shimfiɗa takardar siminti a ƙarƙashinta ta kwana a kai, ko ɗigo ban gani ba. Karatuna aji biyu ne, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi, amma na san ruwa ba ya ɓata haka kawai.

Bakanike na farko ya fasa ɗanyen ƙwai biyu a lagireto, ya ce in ya dahu zai toshe hujin. Sai da motar ta kwana uku tana ƙarni. Na biyu ya ɗura mata garin taba. Na ukun shi ne ɗan banzan cikinsu. Bai ko taɓa ta ba. Ya tsaya yana sakace, ya ce gasket ya ƙone, injin ya gama yawo, amma yana da ƙanin da zai saya don a taimaka mini. Daga baya na gano shi ne ya nemi lambar ɗana ya hure masa kunne. Mutumin da na san ubansa a Liman Abaji, na kuma ɗauki gawar uban a cikin wannan motar.

Duk tsawon lokacin nan uwar yara tana ta ƙorafin wai in ta zauna a gaba gefen zaninta jiƙewa yake yi. Na ce ita ce ke zubar da fiya wata, don ba ta shiga mota sai da leda a hannu. Wata rana har a gaban maƙwabta na yi mata tsawa, na ce in ba ta iya shan ruwa ba ta bari sai mun sauka. Daga ranar ta koma kujerar baya.

Saura kwana biyu ɗana ya iso, muka kama hanyar Nasarawa za mu barkar haihuwa. Ba mu yi nisa ba allura ta tashi. Na tsaya, na buɗe bonet, na zagi motar, na zagi bakanikai, na zagi wanda ya ƙera ta. Uwar yara tana zaune a baya tana jina. Da na gaji sai ta ce:

"Malam, ni dai ban taɓa sayen fiya wata mai ƙarnin ƙwai da taba ba. Zanina uku na wanke, duka haka."

Na zagaya gefenta na da, na ɗaga kafet. Soson ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf, ruwan da ɗumi, ja kamar shayi, ga farin ƙwai tsilli-tsilli. Na cusa kai ƙarƙashin dashbod, ɗigo ya sauka mini a goshi. Wata uku ina neman ɓarawo a waje, yana cikin ɗaki.

Muka juyo gida muna ƙara mata ruwa da jarka. Na kira maƙwabcina, wani tsohon direban tirela ɗan ƙabilar Eggon, wanda muke tsiya da shi tun muna da haƙora. Ya leƙa, ya yi dariya har da tari. Ya ce ai hita ce. Wai akwai wani ƙaramin lagireto a ciki, ruwan injin yana bi ta nan don ya ɗumama mutanen ƙasar sanyi, shi ne ya ruɓe. Hita, a Keffi, inda ko ƙadangare neman inuwa yake yi. Kuma a cikin bakanikai uku ba wanda ya tuna da ita.

Ya nuna mini tiyo biyu da suka ratsa daga injin zuwa ciki. Na cire su da hannuna, na haɗa bakinsu da guntun bututun ƙarfe, na ɗaure kowane gefe da kilif. Kafin la'asar an gama. Washegari na je Agwada na dawo, ruwa yana nan a bakinsa.

Ɗana ya zo da shirinsa, har ya yi magana da masu ja. Na miƙa masa makulli. Ya zaga gari, ya jira ta huce, ya buɗe murfin lagireto, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Baba, wane bakanike ne ya gano?"

Na buɗe baki zan ce ni ne. Sai na ga uwarsa a bakin zaure, ga maƙwabtan nan dai na ranar tsawa a kan benci.

"Uwarka ce," na ce, da ƙarfi yadda bencin zai ji.

Ya mayar mini da makulli. Uwar kuma sai bayan sati ta dawo kujerar gaba, da ledarta a hannu. Bakanike na ukun kuwa, garejinsa ba a kan hanyata yake ba, amma kullum ta nan nake bi. In rage gudu, in danna hon, in ƙi ɗaga masa hannu.