Askirim ɗin Doya da Harshen Inna

A shekara ta biyu da zuwanmu Madina muka koma wani gida a unguwar Aƙiƙ, farkon shekarun tamanin ke nan. Maigidana yana karatu a jami'a, ni kuwa ba ni da aiki sai girki da leƙen taga. Mai gidan wata tsohuwa ce da muke kira Inna. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa ya zo hajji bai koma ba, ita a nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci. Tana zaune a ƙasa, mu da wasu 'yan Filifin muna sama, ƙofa na kallon ƙofa. Mijin ɗalibi ne kamar nawa, matar kuwa 'yar siririya mai yawan dariya. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, sai muka haɗu a kan gurguwar Larabci da nuni da hannu.

Inna tana da kirki, amma akwai ta da taƙama da harshenta. Ta ce ko ido a rufe aka sa mata abu a baki sai ta lissafa abin da ke ciki. Duk miyar da na kai mata sai ta ɗanɗana ta ce, "Ya binti, kin ƙona albasa," ko "wannan kukar ta bara ce." Abin haushin, ba ta taɓa kuskure ba.

Wata rana bayan azahar, ana zafin nan da ke hana taka daɓe ba takalmi, maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwano a hannu. Askirim ne ta haɗa da madarar gwangwani a firjinta, amma launinsa shunayya kamar an rina. Na sha cokali ɗaya, na ji gardi da ɗan kauri, na kasa gane ko mene ne. Da na tambaya, ta kwatanta da hannu wani abu da ake tonowa daga ƙasa, sannan ta ɗauko kwalbar da wanta mai aiki a matatar man Yanbu ya zo mata da ita daga ƙasarsu da ya je hutu. A jikin kwalbar ga hoton doya, cikinta shunayya. Doya a askirim! Ta ce ai a garinsu har da cuku ake yi, da masara, da fiya.

Nan take Inna ta faɗo mini a rai. Na roƙi wani kwanon na sauka da shi.

"Inna, ga wani abu. Na san ba zai gagare ki ba."

Ta ɗauki cokali, ta lumshe ido, ta juya shi a baki. "Inabi ne," in ji ta, "baƙin inabi, da ɗan hel ɗin nan na ƙamshin gahawa."

"Kin tabbata, Inna?"

"Ke, tun ba a haifi uwarki ba nake shan inabi."

Na bari ta shanye tas, har ta suɗe cokalin, sannan na fito da kwalbar da na aro daga cikin mayafina. Ta daɗe tana kallon hoton. Can ta ce ai mura take yi shi ya sa.

Da na tsaya a nan, da shi ke nan. Amma bayan kwana uku maƙwabciyata ta yi mai cuku da masara, rawaya, ga ɗan gishiri-gishiri a ƙarƙashin zaƙin. Na kuma sauka. A wannan karon Inna ta yi taka-tsantsan, ta ce ƙwai ne da man shanu. Da haƙorinta ya ci karo da ƙwayar masara sai ta tofo ta a tafin hannu, ta ce, "A'uzu billahi, kunu suka daskarar?" Na yi dariya har na zauna a matakala. Ita kuwa sai kawai ta ce in gaishe da maigidana.

Ranar Juma'ar da ta biyo, ina shara, sai ga maƙwabciyata da kwano a rufe, fuskarta cike da murna, Inna na biye da ita tana dogara sanda. Inna da ba ta hawa bene saboda gwiwa.

Maƙwabciyata ta ce, "Me ya sa kika ɓoye mini? Inna ta gaya mini a garinku wannan kuka fi so, kunya ce ta hana ki tambaya. Ita ma ta ba ni kayan haɗin."

Ta buɗe kwanon. Tun kafin in gani hancina ya gaya mini. Daddawa ce. Ta daka ta lukui ta zuba a madara da sukari, ta kwana biyu tana gyarawa don ya yi daidai.

Na dubi Inna. Ta samu wuri ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce da Hausa, "Bismilla, 'yata. Baiwar Allah ta sha wahala dominki, kada ki ba ta kunya."

Ba ni da mafita. Na sha. Sanyin ya fara rufe warin, sai ya narke a baki sannan ya taso ta hanci. Kowane cokali maƙwabciyata na tambaya ko ya yi kamar na gida, ni kuwa ina gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ta ɗauka kewar gida ce, har ta dafa kafaɗata ta ce akwai saura a firji.

Inna ta ce, "A ƙaro mata."

Kwano biyu na sha ranar. Sai bayan mako guda na iya haɗa Larabcin da zan gaya wa maƙwabciyata gaskiya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce ita fa da ta ɗanɗana bai yi mata muni ba, mijinta ne kawai ya hana a sa ruwan shansa a firjin har sai da aka wanke shi sau uku da lemon tsami.