Tarihin Narhari Sathe, Malamin Yoga da Ba a Ba Izini Ba

Haihuwarsa

An haifi Narhari Sathe a shekarar 1934 a garin Wai, a gaɓar kogin Krishna cikin ƙasar Maharashtra. Mahaifinsa, Gangadhar Sathe, mai haɗa magungunan gargajiya ne, mahaifiyarsa kuwa Yamunabai ce, 'yar gidan Lele. Tun yana ƙarami aka san shi da yawan tambaya, har mahaifiyarsa takan cika masa baki da gurasar dawa don kunnenta ya huta.

Neman iliminsa

A shekarar 1948, sakamakon ciwon fuka da ya addabe shi, mahaifinsa ya damƙa shi ga Keshav Abhyankar, dattijon malamin yoga da ake kira Guruji, wanda yake koyarwa a wani zaure a saman matakalan kogi. A nan ya koyi zama, da sarrafa numfashi, da tattara hankali wuri guda, ya kuma samu sauƙin ciwonsa.

Bisa al'adar zauren, ana rufe kowane darasi da kwanciyar gawa: ɗalibai su kwanta rigingine, su rufe ido, su saki jiki, kuma babu mai motsi sai malami ya ce, "Ku dawo a hankali, duniya tana nan inda kuka bar ta." Ba mai furta wannan jumla sai wanda malaminsa ya ba shi izini baki da baki, kuma mai izini kaɗai ke iya ba wani. Narhari ya zarce tsaransa a komai ban da shiru, domin yakan buɗe ido ɗaya yana kwance ya tambayi dalilin da ya sa tafin ƙafarsa ke ɗumi. An ruwaito cewa Guruji yakan ce masa, "Kai Narhari, a ina ka taɓa ganin gawa mai tambaya? Ranar da bakin nan ya huta, ka zo ka karɓi izininka."

Aikinsa da aurensa

Ya kama aiki a gidan waya a 1955, ya auri Kusum, 'yar gidan Bhide, a 1958. Aikin bai raba shi da zaure ba ko na safiya ɗaya.

Koyarwarsa

A daminar 1961 zazzaɓi ya ɗauke Guruji cikin kwana uku, bai ba kowa izini ba. Ɗalibai suka matsa wa Narhari ya riƙe zauren, ya amince bisa sharaɗin ba zai furta jumlar ba. Dabarar da ya yi ita ce, in kwanciya ta kai ƙarshe sai ya riga kowa tashi ya yi gyaran murya sau uku, jama'a su fahimta su miƙe. Haka ya yi shekara arba'in da shida. Kusum takan tare shi da shayi tana cewa, "Sannu da aiki, Maigida. Yau ma tarin ne ya tashe su? Malaman kowa suna da kalma, namu maƙogwaro gare shi."

Tambaya kuwa ba ta bar shi ba. Da agogon aljihu yake ƙirga bugun jijiyar ɗalibansa kafin zama da bayansa, yana son sanin abin da ya sa masaƙa ke samun natsuwa nan take, lauyoyi kuwa sai sun yi wata shida suna mutsu-mutsu. Ya cika littattafai goma sha tara da irin wannan bincike, bai kai ga amsar da ta gamsar da shi ba.

Shekarunsa na ƙarshe

Cikin 'ya'yansa, Sulabha, wadda aka haifa a 1966, ita ce ta gaji ilimin, kuma tun 1990 take taya shi koyarwa. Damuwarsa ita ce zauren zai mutu tare da shi, tunda ba shi da izinin da zai bar mata. Ya je birnin Nashik, ya je birnin Kashi, yana tambayar malamai ko akwai mafita, kowa ya ce masa izinin gidansu na gidansu ne. A 2003 Sulabha ta fito masa fili.

"Baba, in babu kai, wa zai buɗe ƙofar nan?"

"Ba zan ba ki abin da ba a ba ni ba, 'yata."

"To sai a rufe ke nan? Ko ni ma tarin zan gada?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Wannan ce tambayar da take hana ni sakat."

Rasuwarsa

A safiyar Talata, 13 ga Maris 2007, ya jagoranci darasi ga mutum talatin da takwas har da Sulabha, ya kwanta tare da su kamar kullum. Minti ashirin na ƙa'ida suka wuce, sa'a ta cika, rana ta shigo ta taga tana dukan fuskoki, amma ba wanda ya motsa domin ba a ji gyaran murya ba. Sulabha ce ta saɓa al'ada ta tashi, ta taɓa goshin mahaifinta, ta ji ya yi sanyi. Ta dubi mutanen da ke kwance, cikinsu har da tsofaffi masu shekara tamanin, ta ga bai dace a tashe su da kururuwa ba. Ta haɗiye kukanta, ta ce, "Ku dawo a hankali, duniya tana nan inda kuka bar ta." Tsofaffin da suka taɓa ɗaukar darasi gaban Guruji suka fashe da kuka tun kafin su san an yi mutuwa.

An ƙona gawarsa da yammacin ranar a bakin kogi bisa al'adarsu, babban ɗansa ne ya sa wutar, aka zuba tokar a Krishna. Ya rasu yana da shekara saba'in da uku, ya bar matarsa Kusum, da jikoki biyar, da 'ya'ya uku: Madhav, injiniya a Pune; da Anant, malamin makaranta a Satara; da Sulabha, wadda ta buɗe zauren washegarin cikar kwana goma sha uku na makoki. Mutum bakwai sun ce ba za su kwanta gaban wadda ba ta da izini ba, kuma ba su sake zuwa ba. Talatin sun zo, sun shimfiɗa tabarminsu.