Shanun Leota Sun Dawo Daga Ziyara

Ranar Talata, tara ga Oktoba, 1956, Allah Ya karɓi ran Leota Hensley, akawun gundumarmu a nan Kentucky, tana cikin tsinkar wake a bayan gidanta. Ni Opal Gilley, maƙwabciyarta, na so in rubuta wannan da hawaye kawai, amma haushi ya riga hawayen zuwa.

Leota, doka ce ta ɗora miki kai rahoton abin da kowane mamaci ya bari, don a yanka harajin gado. Shi ke nan mutanen garin nan suka sa miki suna Ungulu. In kin shiga gidan makoki da kwanon soyayyar kazarki, sai a hau zunɗe, wai ƙirga kujeru kika zo yi. Kazar kuwa ko ƙashi ba su taɓa ragewa ba.

Kin fi kowa sanin al'adar banzar nan tamu. Mutum na cikawa, kafin gawa ta huce, sai a kora shanunsa makiyayar maƙwabci, wai sun tafi ziyara, har masu ƙiyasta dukiya su zo su wuce. Da mijina ya rasu haka aka yi mini, aka kai namu gonar Virgil Sizemore. Kika zo kika tarar da garke wayam, ga kashin shanu ɗanye. Kika ce, "Opal, wannan aikin wa ne, ke ko marigayin?" Na wanke ki tas, kika rubuta shanun duk da haka. Ba a daɗe ba Virgil ya ce shi bai san wata ajiya ba, shanu nasa ne tun kakansa. Ba don rubutunki ba, da ko maraƙi alƙali bai ƙwato mini ba. Da nonon shanun nan na raini 'ya'yana.

To yau ga shi an yi miki. Kin bar wa ƙanwarki Wilma shanunki, makauniyar da ba ta da kowa sai ke. Ko wanka ba a yi miki ba Delbert, ɗan wanki, ya kora su, kuma gonar Virgil ɗin nan dai. Abin da ba a rubuta ba kotu ba ta san da zamansa ba, Wilma kuwa sai gidan gajiyayyu.

Na tare shi a ƙofar gida na ce, "Delbert, ina shanun gwaggonka?"

Ya ce, "Haba Inna Opal, ziyara suka je kamar na kowa. So kike gwamnati ta lashe su?"

Na ce, "Ka ba kura ajiyar nama ke nan, ko kuwa kun riga kun raba?" Sai ya hau gyara hula.

Ranar jana'iza ban bi gawarki ba, ki yafe mini. Bokitin da kike ba shanun gishiri na ɗauko, na je na buɗe shingen Virgil, na buga bokitin yadda kike bugawa. Suka biyo ni reras. Hanya ta gaban maƙabartar coci ta bi, fasto na tsakiyar addu'a, ga alƙali, ga mataimakiyarki a ofis, ga duk masu ce miki Ungulu. Wilma ta ɗaga kai ta ce da ƙarfi, "Ai ƙararrawar Goldie ce wannan, saniyar Yaya!" Virgil ya rasa inda zai sa idonsa.

Allah Ya jiƙanki, Leota, Ya ba ki hutun da garin nan ya hana ki. Wilma, Allah Ya ba ki haƙuri, ƙofata a buɗe take. Delbert, taka ta'aziyyar tana gonar Virgil, ka je ka karɓa. Masu cin kaza suna zagin mai ita, Allah Ya shirye ku in kuna da rabo.

Mataimakiyarki ta aika da rahoto ranar Litinin. Ki kwanta lafiya, Ungulu, an rubuta shanun duka.