Sulen da Aka Sauya wa Shekara

Tun ina makarantar sakandare nake tara tsofaffin kuɗi, su anini da kwabo mai huda da sisi, har mutanen gidanmu suka san ni da wannan. Shi ya sa ran wata kasuwar Kankiya kawuna ya aiko a kira ni rumfarsa ta hatsi.

Na tarar da shi zaune da amininsa, wani dattijo daga Rimaye wanda 'yarsa ke auren ɗan kawun. Tsakaninsu kan tabarma akwai sule guda a cikin ƙyalle. Kawu ya ce dattijon zai bar masa sulen, shi kuma ya ba shi bijimin da yake kiwo, domin an ce masu sayen kayan tarihi suna neman sulen shekarar da ke jikinsa ruwa a jallo. Ba shakka yake yi ba, in ji shi, so yake dai in sa ido kafin a shafa fatiha.

Na fito bakin rumfa inda haske yake, na ɗora gilashin ƙara girma. Lamba ta uku a shekarar ce ta fara tsaya mini. Ɗaya ce, amma ta fi sauran kauri, kuma gefenta na hagu ya yi sumul, da 'yan zane-zane sirara kamar an bi da allura. Huɗu ce aka kankare. Na juya bayansa. Sarkin Ingilan da ke jiki ba shi da gemu, alhali duk sulen da nake da shi na shekarun da lambar ke nunawa mai gemu ne a kai. Ɗan mai gemun ne wannan, wanda ya hau mulki daga baya.

Na ci gaba da jujjuya sulen kamar ban gama ba. In na yi shiru, bijimin kawu ya tafi. In na faɗa, na kira surukin gidanmu macuci a tsakiyar kasuwa. Masu awo a rumfar maƙwabta sun riga sun daina awo suna kallonmu.

"Mi ka gani?" in ji dattijon.

Na ce a yi haƙuri in je da shi gida in gwada da nawa. Ya girgiza kai.

"Hwaɗa mani nan, ɗana. Ban son kwana da shi."

Na durƙusa kusa da shi, na riƙe masa gilashin, na nuna masa lambar da fuskar, murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Kawu kuwa fuskarsa ta ɗaure, ya fara naɗe bakin buhun da ba ya bukatar naɗi.

Sai dattijon ya faɗa mana cewa wani baƙo ne ya kawo masa sulen har gida bayan girbi, ya tafi da tumakinsa na kiwo a madadinsa, har ya ci tuwo a zaurensa. Bai taɓa gaya wa iyalinsa ba.

Kawu ya aika a kawo fura. Dattijon bai sha ba. Ya naɗe sulen, ya sa a aljihu, ya yi mana sallama.

Da damina ta faɗi, kawu ya tura masa bijimin aro ya yi huɗa. Ni kuwa sai da aka yi sunan jikarsu kafin dattijon ya sake haɗa ido da ni.