Fakon Bakin Tasha

Har yau in na ji kukan jirgin ƙasa daga nesa, sai abinci ya fita raina. Bari ka ji dalili.

Kakanmu ya rasu ya bar gona biyu. Ɗaya a bakin kanal ta hanyar Kadawa, ƙasa baƙa wuluk, nan ruwan rani yake fara sauka. Ɗayar fako ce a gefen tsohuwar tasha, ko ƙaya da ƙyar take fitowa, sai ƙarafan dogo masu tsatsa. Ranar rabo dattawa suka ce babba ya fara zaɓa. Babana ya damƙi ƙasar bakin ruwa, ya murza, ya sansana, ya ce ya ɗauka. A wurinmu gonar da ba ta shan ruwa ba gona ba ce.

Baffana, ƙanensa, ya ce, "Yaya, ni me zan shuka a can? Tsakuwa?"

Babana ya ce, "Tambayi awaki, su ne maƙwabtanka."

Aka yi dariya. Har da ni.

Ba a jima ba jirgi ya dawo tsayawa safe da yamma. Ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga Kano suka gane za su iya kwana nan su yi sammakon birni. Mai shayi ya kafa tebur, sai 'yan acaɓa, sai masallaci. Baffa ya kwaɓa laka ya tayar da ɗaki, bai bushe ba aka kama shi haya. Ya ƙara wani.

Mu kuwa muna cikin taɓo, ƙafa duk kaushi. Shekarar da tumatir ya yi kwantai, a bakin titi muka zubar, warinsa ya bi mu har gida. Ɗan baffa, sa'ana, yana hawa jirgi zuwa makaranta da farin takalmi. Ban yi masa mugun fata ba, amma wallahi ban taɓa yi masa murna ba.

Yanzu jirgin ma ba kullum yake zuwa ba, amma gari ya riga ya zauna, gidajen bulo sun kusa taɓo kanal. Babana har ya koma ga Allah bai taka unguwar ba. Ni ba ni da wannan zuciyar. Da ɗana zai yi aure, wurin ɗan baffa na je roƙon ɗaki. Sai da na tsaya a famfon ƙofar gidansa na kankare ƙafata, sannan na yi sallama.